Muryar Auta A Hannun 'Yan Sanda

Shafi na 14

Masu cewa na shanya ku tun shekaranjiya, na ji ƙorafinku. Ku gyara zama, yau abin ba daɗi.

Sau huɗu ke nan tana mayar da fayil ɗin sauti na talatin da ɗaya farko.

Kunne ake ce mata a kamfanin. Darakta ne ya laƙaba mata sunan tun shekarar da ta fara aikin haɗa sauti, ranar da ta tsayar da ɗaukar fim cak don wai ta ji kukan sauro a makirufo. Aka yi ta mata dariya, da aka saurara kuwa sai ga sauron. Tun daga nan sunan ya bi ta.

Fim ɗin da suke kai yanzu na 'yan sanda ne masu farautar gungun 'yan damfarar waya. Darakta ya rantse ba zai yi fim ɗin da za a kalla a taɓe baki ba, don haka ya yi ta zarya daga wannan ofis zuwa wancan har aka haɗa shi da wata Sufeto. Ita ce ta ara musu kira arba'in na gaske, waɗanda mutanen da aka cuta suka naɗa a wayoyinsu suka kai ƙara. Ta kafa sharaɗi: ba a kwafa, ba a fita da su daga ɗakin sauti, kuma yau ƙarfe huɗu za ta zo ta karɓi filas ɗinta na kwamfuta da kiran ke ciki. Aikin Kunne shi ne ta wanke muryoyin, ta zaɓi goma da 'yan wasa za su saurara su koyi yadda ɓarawon waya yake sarrafa harshe.

Talatin ta saurara, ba abin da ta ji sai haushi. Na talatin da ɗayan ne ya tsayar mata da numfashi.

Wani saurayi ne yake magana da wani dattijo. Ya ce daga asibiti yake kira, wai 'yar dattijon ta yi haɗarin mota, likita yana tsaye yana jira, ba za a shiga da ita ɗakin tiyata ba sai ya karanto lambobin da ke jikin katinsa na banki. Dattijon yana ta tambayar ko tana magana, ko ta buɗe ido, muryarsa tana karkarwa kamar mai jin sanyi.

"Baba, tana numfashi. Sai dai ka yi sauri."

Wannan "sai" da wannan "sauri" su suka gama da ita. Akwai wani siririn fito da ke biyo bayan kowane harafin "s" da ya furta, fiton da iska ke yi idan ta bi ta gefen haƙorin da ya ɓalle. Ta san haƙorin. Ita ta ɓalle shi da ƙofar ɗakin Inna, tana 'yar shekara goma sha ɗaya, shi yana da biyar, yana bin ta a guje don ta ɗauke masa ƙwallo.

Auta ne. Ƙaninta, uwa ɗaya uba ɗaya.

Ta cire abin sauraron daga kanta ta ajiye. Ta ce wa ranta mutane nawa ne a duniya masu ɓallallen haƙori. Ta sha ruwa. Sannan ta yi abin da take tsoro tun ɗazu, ta buɗe wata tsohuwar ma'ajiya a kwamfutar.

Wata takwas da suka wuce, a wannan ɗakin, a kan kujerar can ta bayan gilashi, ita ta zaunar da shi ta naɗi muryarsa. Shekara uku da gama karatunsa ba aiki, har ya daina fita ƙofar gida don kada a tambaye shi ina aka kwana. Ita ta ga tallar, wai wani kamfanin sadarwa a wani gari yana neman matasa masu daɗin murya su riƙa amsa kiran abokan hulɗa, a turo murya kawai. Ya ce hankalinsa bai kwanta ba, kamfanin da ba shi da ofishin da za a je a gani. Ta ce masa lalaci ne ke damunsa, ya saba da cin na Inna. Kalmar ta yi masa zafi, washegari ya biyo ta nan ya karanta takardar. Har gyara masa numfashi ta yi.

Ta jera muryoyin biyu a fuskar kwamfuta, ta wata takwas a sama, ta 'yan sanda a ƙasa. Ba ta buƙaci ta ƙara saurare ba. Zanen ma ya isa.

Da wata ce da nan za ta tsaya ta yi kukanta. Amma kunnen da ya sa ta a wannan bala'in bai bar ta ba, don akwai wani abu a ƙarƙashin maganar da ya tsaya mata a rai. Ta mayar da abin sauraron. Ta rage kukan dattijon, ta cire ƙugin fanka, ta ɗago abin da ke can ƙasa. Sai ga muryoyi birjik a bayansa, maza da mata, kowa yana karanta nasa kamar ɗaliban da aka tsare da bulala. Ba mai dariya, ba mai tari.

A minti na uku dattijon ya ce a jira shi ya ɗauko tabarau, ba ya ganin lambobin. Aka ji ya ajiye wayar a kan tebur, takunsa ya yi nisa. A wannan ɗan tsakanin ne Auta ya matso da bakinsa, ya yi raɗan da sai da ta ƙure na'urar sannan ta kamo shi.

"Baba, kashe wayar. Ƙarya ce. 'Yarka lafiya take. Baba, don Allah kashe."

Ba kowa a kan wayar. Dattijon yana can yana jan aljihun tebur.

Sai ƙarar kujera da aka fizga. Sai wani sauti mai nauyi, sau biyu, irin wanda ita kanta take haɗawa a fim da katako da buhun yashi. Shiru na daƙiƙa shida. Dattijon ya dawo yana haki yana cewa ga shi ya samo, muryar Auta ta dawo ita ma, ta yi kauri kamar bakin cike yake da ruwa, ya ce Baba ya fara karantowa a hankali.

Fiton ya ɓace. Daga nan har ƙarshen kiran bai sake fita ba.

Ta toshe bakinta da gefen mayafi, ta duƙa har goshinta ya taɓa allon rubutun kwamfutar. Tana haka wayarta ta hau ruri a kan tebur. Inna ce.

Da ƙyar ta saita muryarta. Inna kuwa cikin farin ciki take, ta ce albishirinta, Auta ya turo saƙo da safen nan, maƙwabciya ta karanta mata. Ya ce yana lafiya, aiki ne ya yi yawa shi ya sa ba ya kira, kada ta damu. Wata uku ke nan rabon da su ji muryarsa, saƙo kawai, kuma kullum Kunne ce mai ba shi uzuri.

"Ni abin da ya ba ni dariya," in ji Inna, "yaron nan ya zama ɗan birni. Wai Mama. Yau ni ce Mama. Shi da ko a gaban malamansa Inna yake cewa."

Kunne ta runtse ido.

"Kina ji na kuwa? Mura kike yi?"

Ta ce eh, sanyin ɗakin ne. Ta tambaye ta ko ta sha maganin hawan jininta, Inna ta ce ta sha, ta ƙara da cewa idan ta tashi daga aiki ta taya ta rubuta masa amsa mai tsawo. Ta ce to. Ta kashe wayar tana jin kamar ta zagi uwarta.

Ƙarfe uku da minti arba'in. Ta kalli filas ɗin Sufeto da ke maƙale a kwamfuta yana ƙifta jar fitila. Idan 'yan sanda suka gane mai muryar, hotonsa za a manna a labarai, a kira shi ɗan damfara, Inna ta gani a talabijin ɗin maƙwabta. Ba ta yi wani dogon tunani ba. Ta kwafi fayil ɗin ta ɓoye a wayarta, ta koma kan filas ɗin ta goge shi.

Hannunta bai gama sauka ba Darakta ya turo ƙofa, da hularsa a karkace da rubutun fim a hammata. Ya ce tun safe yake neman ta, ya samo muryar da yake so babban mugun fim ɗin ya kwaikwaya. Jiya ya ɗan saurari wasu kafin ya tafi, akwai wani yaro mai ladabi, mai cewa Baba kamar shi aka haifa a gidan.

"Irin su ne 'yan wuta na gaske, Kunne. Murya kamar zuma, zuciya kamar dutse. Ko wace uwa ce ta haifi wannan?"

Ta ce za ta duba.

Ya kalle ta ya ce idonta ya yi ja, ta rage kwana da na'ura, kamfani ba shi da kuɗin sayen sabon kunne. Ya yi dariyarsa shi kaɗai. Ya ce yana da babban baƙo yau, zai sauka ƙasa ya tarbe shi, ga Sufeto nan ma ta iso tana hawowa.

Sufeto ba ta zo da kaki ba. Doguwar mace ce mara yawan magana, da baƙar jaka a kafaɗa. Suka gaisa, ta zauna a kujerar gefe, ta ce kafin ta cire filas ɗin a buɗe mata ta gani. Kunne ta buɗe. Sufeto ta bi jerin da ido daga sama har ƙasa, ba ta yi sauri ba, sannan ta sake bi.

"Arba'in na kawo."

Kunne ta ce wataƙila na'ura ce ta yi kuskure, yakan faru.

"Daga talatin sai talatin da biyu. Na'urar taku ta iya zaɓe." Ta juyo da kujerar ta fuskance ta. "Malama, kwafi ne wannan. Na asalin yana ofis. Abin da kika goge bai je ko'ina ba, kanki kawai kika nuna min. Wa kika sani a ciki, wanda aka kira ko wanda ya kira?"

Ɗakin an yi shi ne don kada sauti ya shiga ko ya fita, shirunsa har nauyi gare shi.  Kunne ba ta san sanda ta zame daga kujera ta durƙusa a kan kafet ba.

"Ƙanina ne, ranki ya daɗe."

Sufeto ta ce ta tashi, ba a durƙusa mata. Ba ta tashi ba. Daga nan ƙasa ta faɗi komai, tallar, naɗar muryar, kalmar lalaci da ta jefe shi da ita, wata ukun da ba kira, saƙon da ya ce Mama. Ta ce in akwai mai laifi ita ce, ita ta wanke muryar ta miƙa musu da hannunta. Ta ce a kama ta, a rufe ta, amma a fito da shi.

Fuskar Sufeto ba ta canja ba. Ta ce shekara shida tana wannan aikin, ba ta taɓa kama wanda danginsa ba su ce tilasta shi aka yi ba. Ta ce dattijon da ke cikin kiran nan tsohon direba ne, abin da ya tara na tsufansa duka aka kwashe a rana ɗaya, da ya kira 'yarsa ta ɗauka lafiya lau a wurin aikinta sai ya yanke jiki ya faɗi. Yanzu ɓarin jikinsa ɗaya ba ya motsi, 'yar ce ke ba shi abinci a baki.

"Ita ma tana da wanda take kuka dominsa. In je in ce mata me?"

"Ki ba ni minti ɗaya. Minti ɗaya kawai, in ba ki ji komai ba ki sa min ankwa."

Ta rarrafa ta jawo wayarta, ta mayar da fayil ɗin kan kwamfuta a gaban idon Sufeto, ba ta damu da cewa Sufeto za ta ga ta karya sharaɗin hana kwafa ba. Hannunta ya san hanyarsa. Ta rage nan, ta ɗaga can, ta miƙa mata abin sauraron.

Sufeto ta ɗora a kai. Kunne ba ta jin abin da take ji, fuskarta kawai take karantawa. Ta ga sanda raɗan ya zo, don girar Sufeto ta motsa. Ta ga sanda dukan ya sauka, don ta ƙifta ido sau biyu.

"Mayar."

Ta mayar.

"Sake mayarwa."

A karo na uku Sufeto ta cire abin ta riƙe a cinya. Da ta yi magana muryarta ta sauka. Ta ce mutum huɗu suka saurari kiran nan a ofis, ba wanda ya ji wannan. Ta ce gungun da ke cikinsa ba a kama su ba tukuna, kuskure aka yi ma da ya shigo cikin na fim, sauran duka tsofaffin shari'o'i ne da aka gama.

Kunne ta tambayi yaushe aka yi kiran.

"Kwana goma sha ɗaya."

Kunne ta ce to ai kenan yana nan, ana iya bin lambar, ana iya zuwa yau. Sufeto ta girgiza kai, ta ce layin rana ɗaya suke amfani da shi su jefar. Sannan ta ƙara da cewa:

"Kafin ranar, muryarsa ta fito a ƙara tara. Kusan duk sati sai mun ji shi. Daga ranar ba mu sake ji ba."

Kunne ta dafa tebur. Ta tambaya me suke yi wa wanda suka kama yana gargaɗin mutane. Sufeto ta ce wani lokaci sayar da shi suke yi ga wani gungun. Ba ta faɗi ɗaya lokacin ba, Kunne kuma ba ta tambaya ba.

Sufeto ta zaro ɗan littafi daga jaka. Ta ce kuka ba zai fito da shi ba, ta zauna a kujera ta tuna. Wa ya ɗauke shi aikin? Ina aka haɗu? Wace mota?

Kunne ta ce ba ta taɓa ganin kowa ba. Tikiti aka turo masa, ita ta raka shi tasha. Amma sau biyu ta yi magana da mutumin a waya, don ita ta tura muryar da lambarta. Babban mutum ne daga jin maganarsa, mai sanyin baki, ya yaba aikinta, ya ce bai taɓa samun murya mai tsabta haka ba. Lambar ta daina shiga tun watan farko.

"Za ki gane shi in kin ji?"

"Ko cikin kasuwa ne. Maƙogwaronsa yana da tsatsa, kuma kafin ya fara magana sai ya ja iska ta hanci sau biyu. Ƙanwata yake ce min."

Sufeto ta rubuta. Ta ce daga yanzu kada ta gaya wa kowa, ko Darakta, ko mahaifiyarta. Ta ci gaba da amsa saƙonnin kamar ba ta san komai ba, domin muddin suna wahalar da kansu wajen rubuta wa tsohuwa saƙo, akwai abin da suke so ya zauna lafiya. Gobe da safe ta zo ofis da tsohuwar wayar da aka kira ta da ita. Ba ta yi mata alkawarin komai ba, amma ta miƙa mata hankici ta ce ta goge fuskarta kafin wani ya shigo.

Tana cikin gogewa ƙofar waje ta buɗe, hayaniyar Darakta ta cika ɗan lungun da ke tsakanin ƙofofi biyu na ɗakin sautin. Muryarsa ta tarbar manya ce, wadda yake ƙara wa mai. Yana cewa ga ɗakin nan, yallaɓai, nan ne zuciyar fim ɗin, kuma an yi sa'a jami'ar da ke taimaka musu ma tana ciki. Ya turo ƙofa ta biyu ya leƙo yana washe baki, ya ce su yi haƙuri da katse su, mai ɗaukar nauyin fim ɗin ne da kansa. Shi ya kawo shawarar a nemi kiran gaske daga 'yan sanda tun farko, yau kuma ya matsa sai ya ji su da kunnensa.

Wani mutum ya shigo a bayansa, gajere mai tsabta, da farin gilashi da ƙamshin turare mai tsada. Ya ɗan rusuna wa Sufeto. Idonsa ya bi ta kan kwamfutar, inda zanen muryar Auta yake shimfiɗe har yanzu, sama da ƙasa, sannan ya sauka a kan Kunne.

Ya ja iska ta hanci. Ya sake ja.

"Sannu da aiki, ƙanwata. Wanne kuke saurara?"